Gwadabe Mai Kamun Ƙuda

A zamanin da Suleja take amsa sunanta na da, Abuja, tun ba a ɗauke sunan an bai wa sabon birnin tarayya ba, an yi wani mutum a ƙasar Izom da ake kira Gwadabe. Shi ba malami ba, ba mai sarauta ba, ko ajin yaƙi da jahilci bai taɓa zama ba. Manomin doya ne da dawa, dogo, siriri, mai ƙarancin magana. In ka gaishe shi sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa, kamar mai auna nauyin gaisuwar. Waɗanda suka san shi, in suna ba da labarinsa, sukan rage murya ba tare da sun sani ba.

Ƙauyensu, Tungar Bamalli, yana kan wani tudu mai tsakuwa, tafiyar rabin awa daga kogin Gurara. Ba don son tudun aka zauna a nan ba. Ƙasar kirki tana bakin ruwa, amma kakanninsu sun taso daga can saboda an lura duk wanda ya daɗe yana noma a wurin, ƙarshensa sandar makanta ce. Tashin bai raba su da abin ba. Yakan fara da ƙaiƙayi, irin wanda farce ba ya kashewa sai an haɗa da totuwar masara ko tsingaro. Daga nan fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare, wasu ƙulle-ƙulle su fito a kwatangwalo da haƙarƙari, sannan ido ya soma hazo. A tungar nan, mazan da suka haura arba'in suna gani sarai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mahaifin Gwadabe bai ma kai arba'in ɗin ba ya daina ganin rana. Wasu suna cewa iskokin ruwa ne, wasu su ce gado ne. Kowa dai ya sallama.

A farkon daminar 1972 wani ma'aikacin lafiya ya iso tungar a kan keke, daga ofishinsu na Abuja. Sunansa Malam Irmiya, mutumin kudancin Zariya, gajere mai saurin magana. Ya durƙusa ya gaida mai unguwa, Baba Bamalli, jikan wanda ya kafa tungar, wanda shi ma makaho ne tun kafin a ba da mulkin kai. Aka tara maza a gindin ɗorawa.

Malam Irmiya ya fito da wata 'yar siririyar kwalba, tsawon ɗan yatsa, ya miƙa wa masu gani. A ciki akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai ƙusumbi, bai kai ƙwayar dawa ba. Kowa ya san shi. Shi ne mai cin ƙafa a bakin ruwa da hantsi da la'asar, ya tashi ya bar ɗigon jini.

Ya ce, "Wannan shi ne yake ɗauko cutar daga jikin wani ya kai wa wani. A ruwa mai gudu yake ƙyanƙyasa. Za mu riƙa zuba magani a kogi ya kashe 'ya'yansa. Amma ba yadda za mu san ko maganin yana ci sai an sami wanda zai zauna bakin ruwa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana uku a mako, ya naɗe wando zuwa gwiwa, duk ƙudan da ya sauka masa ya kife shi da kwalba. Mu kuma mu ƙirga."

Baba Bamalli ya juya fuska wajen da muryar take fitowa, ya ce, "Wato ɗana, ka zo neman wanda zai ba da ƙafarsa a ci."

"Ba zan ɓoye maka ba, Baba, haka ne. In hannunsa yana da sauri zai kama da yawa kafin su cije shi. Amma wasu za su riga shi."

A lokacin kwalbar ta iso hannun Gwadabe, yana zaune daga baya. Ya ɗaga ta a haske ya daɗe yana juyawa. Tun yana ƙarami yake jin tsoron wani abu mai girma da ke kwance a ƙarƙashin Gurara, abin da ya ɗauke wa mahaifinsa ido. Ga shi yau a hannunsa, bai kai ƙazantar farce ba.

Ya ce, "Malam, wannan ɗan abin ne ya makantar da mahaifina?"

"Shi ya kai masa cutar."

Gwadabe ya mayar da kwalbar. "Yaushe za a fara?"

Matarsa Daso tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya gaya mata. Ta ajiye rariyar. "Malam, wurin da kowa yake gudu, kai can za ka je ka zauna?"

"Ko a gona ai cizon nake sha, Daso. Gara a cije ni inda za a ƙirga."

Washegari ta ɗinka masa 'yan jakunkuna goma sha ɗaya da ragowar atamfa, kowace awa da jakarta, yadda Malam Irmiya ya kwatanta, ta ƙulla wa kowace igiya adadin ƙullin da zai bambanta ta da 'yar'uwarta, tun da mijinta bai san lamba ba.

Aka ba shi agogon hannu aka koya masa duba shi, aka haɗa masa da kwalabe cikin akwatin katako, aka nuna masa wani faffaɗan dutse a inda ruwa yake tafasa a kan duwatsu. Mutum huɗu aka ɗauka a wurare dabam-dabam a gaɓar kogin. Kafin watan ya mutu uku sun ajiye. Ba wanda ya ga laifinsu. Aikin ba nauyi gare shi ba, amma yana bukatar abin da jikin ɗan'adam bai yarda da shi ba: ka ga ƙuda ya sauka a ƙafarka, ka san abin da yake ɗauke da shi, kada ka mare shi, kada ka ko motsa, ka kawo bakin kwalba a hankali ka rufe shi kafin ya kafa baki. In biyar suka sauka tare, ka kama ɗaya kana jin huɗu suna ci.

Gwadabe ya zauna. Matan Fulani masu wucewa da nono zuwa kasuwar Izom su ne suka fara baza labarinsa. Suka ce sun ga mutum a kan dutse da suka ɗauka kututture ne, sai da hannunsa ya motsa. Wata ta rantse ta ga guza ya bi ta kan ƙafarsa ya wuce, bai san da mutum ba. Rana ta dake shi, ruwan sama ya dake shi, ya kifa malafa a kan akwatin kwalabe ya bar kansa a buɗe. Akwai ranar da ya kama sama da ɗari huɗu. In lokacin salla ya yi, a nan kan dutsen yake yi, ƙafa a buɗe. Ran da Malam Irmiya ya zo karɓar jakunkuna sai ya ce masa, "Ka ƙara bakwai a kan na azahar ɗin Talata. Sun same ni ina salla, ban kama ba." Malam Irmiya ya dube shi, ya rubuta bakwai.

Aka yi damina biyu ana zuba magani daga can sama da gada. A wuraren da aka sami sababbin masu kamu, ƙuda ya ragu ƙwarai. A dutsen Gwadabe kuwa, kamar ba a zuba komai ba. Wani babba a ofis ya duba takardun ya ce watakila mutumin nan yana tara ƙuda daga wani wuri ne don kada a ce aikinsa ya ƙare. Malam Irmiya bai kawo wa Gwadabe maganar ba. Sai dai ya zo wata safiya, ya jingine keke, ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando ya zauna kusa da shi. Kafin azahar ƙafafunsa sun kumbura sun yi jini, ya miƙe yana tsalle yana karta.

Gwadabe ya bari ya huce, sannan ya ce, "Malam Irmiya, waɗannan ba 'ya'yan babban ruwa ba ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Na babban ruwa daga gabana suke zuwa, ƙasa-ƙasa. Tun bara suka ɗauke. Waɗannan ta bayana suke zuwa, daga arewa, sai rana ta ɗan ɗaga. Akwai inda suke fitowa."

Malam Irmiya ya shimfiɗa taswira a kan dutsen. Ba wani rafi a arewa, sai fari fat da alamar duwatsu. Gwadabe ya dubi takardar cikin ladabi, ya ce a ba shi kwana uku.

Yadda ya yi neman shi ne abin da aka fi jinjinawa. Ba shi da komai sai agogo da kwalabe da ɗan guzurin da Daso ta ƙulla masa. Sai ya yi tafiya mai ɗan nisa, ya zauna, ya naɗe wando, ya jira awa guda cur, ya ƙirga. Ya tashi ya karkata gabas, ya sake zama. In ƙudan ya ragu, ya san ya kauce, ya komo. In ya ƙaru, ya san yana kan hanya. Wato mutum yana bin inda cizo ya fi tsanani, da gangan, cikin ciyawar da ta shanye kansa. Ya kwana a wata ruga, da safe ya ci gaba. Zuwa hantsin kwana na biyu ƙafafunsa sun yi nauyin da sai ya sa hannu yake ɗaga su in zai hau dutse.

Da la'asar ya fara jin ƙara, ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a nesa. Ya bi ta har ya iso bakin wani kwazazzabo da manyan itatuwa suka rufe ruf, yadda ko daga kan tudu ba a ganinsa. Ya zame ya sauka. Wani rafi ne yake gangarowa a kan duwatsu hawa-hawa kamar matakala, fari tas kamar audugar da aka shiɓe, sanyinsa yana bugun fuska. Hasken rana yana ratso ganye tsilli-tsilli yana wasa a kan kumfar. Bai taɓa ganin wuri mai kyan wannan ba, kuma bai ga sawun mutum ko ɗaya ba. Ya tsaya yana tasbihi a zuci. Sannan ya sunkuya ya jawo wata ciyawa da ruwa yake kaɗawa. Ganyen ya yi baƙi ƙirin da wasu ƙananan tsutsotsi, sun manne sun jeru, suna motsi gaba ɗaya. Ya jawo wata, haka. Ya shafa dutse, haka. Duk kyan nan, gidansu ne.

Ya yanko ciyawar ya cusa a gora da ruwan wurin. Ran da ya iso tungar, Daso ce ta fara hango shi yana jan ƙafa. Ta tare shi ta karɓi akwatin, ta dubi ƙafafun, ta kau da kai. Ya ce mata a aika Abuja.

Malam Irmiya ya zo da Landiroba da garwani goma sha biyu na magani, amma mota ba ta da hanya. Baba Bamalli ya sa aka yi shela. Mazan tungar suka fito, har da masu gani dishi-dishi, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Matan Gwari na ƙauyen da ke maƙwabtaka da su suka zo suka saɓa garwani a kafaɗa yadda suke ɗaukar itace. Gwadabe yana gaba da adda. Da suka sauka kwazazzabon, Malam Irmiya ya cire hula ya tsaya ya yi shiru, mutumin da ba a taɓa ganin bakinsa ya huta ba. Daga baya da hannunsa ya zana rafin a taswira.

Mako bakwai ana kai magani. A mako na takwas, wata Laraba, Gwadabe ya hau dutsensa da fitowar rana ya naɗe wando. Hantsi ya yi, ba abin da ya sauka. Ya duba agogo, ya ɗauka ya tsaya ne, ya kara shi a kunne. Azahar ta yi. La'asar, lokacin da suka fi zuba, ta zo ta wuce, iska kawai take shafar ƙafarsa. Da rana ta faɗi ya tattara jakunkuna goma sha ɗaya, ba komai a cikinsu, ya hau tudu. Ya tarar da mutane a gindin ɗorawa. Baba Bamalli ya ji takunsa ya ce, "Gwadabe, nawa yau?"

"Ranka ya daɗe, babu."

"Babu kamar yaya?"

"Ko ɗaya."

Tsohon ya miƙo hannu, Gwadabe ya durƙusa, tsohon ya shafa masa ƙwauri daga gwiwa zuwa idon sawu yana neman sabon cizo. Da bai samu ba sai ya bar hannun a wurin, ya daɗe bai ɗauke ba.

Ba a nan aikin ya ƙare ba, don ƙuda yakan dawo duk shekarar da magani ya makara, Gwadabe kuma bai bar dutsen ba. A cikin 1975 Daso ta lura yana karkata kai in zai ɗauki abu, kuma ya zuba ruwa a gefen moɗa sau biyu. Ita ta gaya wa Malam Irmiya, shi kuma ya goya shi a keke zuwa bakin titi, suka shiga mota zuwa asibitin Abuja.

Wata nas mai suna Esta ta ɗan tsinci fatar kwatangwalonsa da allura da reza, ɗan mitsitsi, ta ɗora a kan gilashi da ɗigon ruwa. Bayan ɗan lokaci ta duba a madubin likita, ta kira Malam Irmiya ya duba. Gwadabe ya ce ko shi ma za a bari ya gani. Ta gyara masa kujera, ta nuna masa inda zai kara ido.

Da farko haske kawai ya gani. Can sai ga su: wasu siraran abubuwa kamar zare, masu rai, suna murɗewa suna warwarewa, sun fi ashirin, a cikin ɗigon ruwan da bai kai hawaye ba. Ya ɗago ya dubi gilashin da idonsa, ba komai. Ya sake karawa, ga su.

Ya ce, "Baiwar Allah, duk waɗannan daga jikina?"

"Daga ɗan abin da na yanka kawai, Baba."

Ya ce, "Allah mai iko." Ba tsoro a muryarsa. Likita ya duba shi ya ce idon dama ya riga ya yi nisa, na hagu ana iya ceto shi in ya jure magani. Ƙwayoyin da ake bayarwa a lokacin suna da wuyar sha'ani: in mutum ya sha, ƙaiƙayin yakan ninka, jiki ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi na kwanaki. Shi ya sa mutanen ƙauye da yawa suke sha sau ɗaya su gudu. Gwadabe ya shanye nasa, ya karɓi allurai har ƙarshe. Ran da za a sallame shi ya roƙi abu guda, a kai madubin nan tungarsu ko na yini ɗaya ne.

An sha wuya kafin a yarda, amma an kai. Esta ta kafa shi a kan tebur a gindin ɗorawa, mutane suka yi layi, kowa ya ga abin da ke cikin fatarsa. Waɗanda ba sa gani, Gwadabe ne ya zauna yana kwatanta musu, a hankali, har suka gamsu. Daso ce mace ta farko da ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaya. Makon nan tungar ta koma kamar sansanin majinyata, waɗanda suka farfaɗo suna dafa wa na kwance kunu, amma kaɗan ne suka bari a hanya.

Zuwa lokacin da aka sauya wa garin Abuja suna ya koma Suleja, an yi wa Malam Irmiya canjin wurin aiki zuwa Minna, idon Gwadabe na dama ya rufe, na hagu kuma bai ƙara iya ganin ƙuda a kan fata ba. Ya miƙa kwalabe ga maƙwabcinsa Mu'azu, magidanci mai sanyin hali, ya zauna da shi damina guda yana koya masa.

Sai wani abu ya bayyana wanda ba wanda ya shirya. Yatsun da suka yi shekara bakwai suna lallaɓa ƙuda sun zama masu jin abin da wasu ba sa ji. In ya shafa haƙarƙarin mutum ko bayan kunnensa, yakan gano ƙullin cutar tun yana kamar ƙwayar wake, tun mai shi bai san da shi ba. Aka fara zuwa daga Izom, daga rugage, har daga wajen Tafa. Ba ya ba da magani, ba ya tofi. Ya shafa, ya yi ɗan jinkirinsa, ya ce, "Kai ba komai," ko ya ce, "Ke za ki bi ni asibiti." Esta ta taɓa gaya wa likita cewa a cikin waɗanda tsohon nan ya kawo, ba ta tuna wanda ta duba ta tarar ba shi da cutar.

Duk ranar kasuwa, da hantsi, za ka gan shi a bakin titin Izom da malafarsa, mutum shida ko bakwai da zai kai asibiti a bayansa, wasu ba su taɓa shiga mota ba. Yaran mota sun san shi, direba yakan ajiye masa gaba. Shi kuwa sai ya ga kowa ya hau, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya sun amsa, sannan ya lalubi ƙofa ya shiga.